Tocilan Kawu da Firojet Ɗinmu

A hutun da ya wuce, kawuna da ke su a gefen Wara ya miƙo mini wata leda cike da matattun tocila, na hannu da na ɗaurawa a goshi. Na ƙirga, guda bakwai. Ya ce, "Ɗan nan, ba lantarki aka ce kana karantawa ba? To duba mini su, ko wata uku ba sa kaiwa." Na ɗauko sukundireba ina ta cika baki. Kafin la'asar bakin ya mutu, don na gano abin da ya kashe su, amma ban san yadda zan hana shi sake faruwa ba. Shekara biyu ina zaune a aji, babu ranar da na auna batir da hannuna.

Biyar daga cikin tocilan ƙaramin batirin dalma ne a ciki, ƙanen na mota. Abin da ake kira caja a jikinsu kuwa kafasito ɗaya ne da 'yan diyod da resisto. Shi ke nan. Babu abin da zai yanke wuta idan batir ya cika. Kawu ya kai wa mai caji da hantsi, sai magariba ya karɓo, duk tsawon yinin batirin na dahuwa, ruwansa na ƙafewa. Da dare kuma ya hau ruwa ya kunna ta har hasken ya koma kamar garwashi, wato an tatse batirin ƙarƙaf, abin da batirin dalma ya fi ƙi a duniya. A ce ma tocilar ta kai wata uku, ai ta yi ƙoƙari.

Sauran biyun na litiyom ne, irin mulmulallen nan da ake kira 18650 saboda kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65. An rubuta 9,900mAh a jikinsu, alhali na ƙwarai daga manyan kamfanoni bai cika wuce 3,500 ba. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ko a tafin hannu za ka ji ba su da nauyi. Shi litiyom dokarsa a bayyane take: a caja shi zuwa volt 4.2 a tsaya, kada a tatse shi ƙasa da 2.5 ko 3, kada a caja shi cikin zafin da ya haura digiri 45. Wanda ya san rumfar kwano a kasuwar Yauri cikin watan Afrilu, da wayoyi jibge kan juna a teburin mai caji ga janareto na huci a gefe, ya san ana taka dokar nan ta uku kusan kullum. Batir ya kumbura, murfin waya ya ɗage, mai ita ya ɗaure da roba ya ci gaba da harkarsa. Kamfanin Samsung, da duk kuɗinsa da injiniyoyinsa, sai da ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda batirinta na kamawa da wuta. Mu kuwa muna sa kumburarren batir ƙarƙashin matashin kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganin ba tsada gare shi ba. Ɗan guntun allon nan mai TP4056 yana caja batir ɗaya yadda ya kamata: ya tura wuta daidai gwargwado har a kai 4.2, sannan ya riƙe a nan yana rage ta har ya yanke. Wanda aka haɗa masa da DW01 yana katse hanya idan batir ya kusa ƙarewa ko wayoyi suka haɗu. Da yawanmu mun saya mun manna a firojet. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, mutum nawa ne a cikinmu ya san cewa da resisto ɗaya ake saita yawan wutar da yake turawa, kuma amp ɗayan da yake zuwa da shi ya yi wa ƙaramin batir yawa? Mun iya mannawa. Ranar kare firojet fitila ta kama, malamai su gyaɗa kai, a ɗauki hoto, bayan wata biyu abin ya mutu a kabad. Babi guda muke ɓatawa kan tarihin wanda ya ƙirƙiro transisto, batir kuwa layi ɗaya: "an yi amfani da batir mai volt 12."

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a hostel. Wai ba za mu iya gasa da kayan Chana ba, kuma talaka mai arha zai saya ko me ka gaya masa. Na farkon gaskiya ne, ba wanda ya ce mu kafa masana'antar batir a Dakingari ko Birnin Kebbi. Na biyun ne ban yarda ba. Kawu bai sayi arha don yana son arha ba, ya saya ne don ba shi da hanyar bambance mai kyau da marar kyau, duk kwalinsu na sheƙi. Kuɗin tocila bakwai ya ishe shi sayen guda ta kirki. Haka mai sayen fawa-banki: ko na gaskiya ne mai 10,000mAh, lissafin a kan volt 3.7 aka yi shi, kafin a ɗaga wutar zuwa volt 5 abin ya koma 7,400 a takarda, ga kuma wanda ke salwanta ya zama zafi. Wa ya taɓa yi masa wannan bayani?

An kammala madatsar Kainji a 1968, wadda aka tsara ta ba da megawat 960. Ruwanta ya ci gonaki da tsibiran Gungawa, aka tashi dubban mutane. Yau jikokinsu a ƙauyuka da dama na Ngaski da Shanga, da janareto da sola suke caja waya. Ga masunci, tocila ita ce yake duba koma da ita, ita ce ke sanar da jirgi mai inji cewa akwai kwale-kwale a gabansa. Idan ta mutu da ƙarfe biyun dare a tsakiyar tafki, ba maganar asarar kuɗi ake yi ba.

Don haka roƙona biyu ne. Ga sashenmu: duk firojet da ke aiki da batir, kada a karɓe shi sai ɗalibi ya nuna awon da ya yi da kansa, nawa na'urar ke sha, awa nawa ta yi, a wane volt ta yanke, yaya zafinta. Ga ƙungiyar ɗalibai kuma: a ware wani abu daga kuɗin walimar ƙarshen shekara a sayi mita da na'urar auna cikin batir da ƙaramin sikeli, 'yan yankin Yauri mu kafa tebur ranar kasuwa lokacin hutu, mu auna wa mutane kyauta, mu koya wa masu caji su riƙa cire abin da ya cika su kuma raba kaya da rana.

Tocilan kawu suna nan a ɗakina. Na cire cikin guda ɗaya na sa mata batirin tsohuwar laftof da allon kariya, ina auna ta kowane dare ina rubutawa. Mai son gani ya same ni a wokshof ranar Laraba bayan azahar, ya zo da mitarsa.