Makin cancantar bashi: dalilan faɗuwarsa ba zato

Tun da gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP a 2024 domin sauƙaƙa wa ma'aikata sayen kaya bashi, tarihin bashin mutum ya ƙara nauyi a idon bankuna. Da yawa daga cikin masu gudun riba sun ɗauka lamarin bai shafe su ba, alhali bankuna irin su Jaiz da TAJ ma suna ƙarƙashin dokar rahoton bashi ta 2017. Kason murabaha da aka jinkirta biyansa yana shiga rajista kamar kowane bashi.

Kamfanoni uku ke tattara bayanan: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Makin da CRC ke bayarwa yana tsakanin 300 da 850.

Ba rashin amana kaɗai ke zubar da makin ba. Wani ragowar naira dubu biyu ce ta rancen manhajar waya ya manta. Wani ya biya tsaf, amma ba a sabunta bayanansa ba. Mafi ciwo shi ne wanda aka ci bashi da lambarsa ta BVN bai sani ba, sai ranar da aka hana shi kuɗin jari.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da adalci take. Shari'a ta riga ta amince da rubutun. Abin tsoro shi ne kuskuren marubuci. Doka ta ba kowa damar neman rahotonsa da ƙalubalantar kuskuren da ke ciki, sai dai wanda bai adana shaidar biya ba zai sha wuya kafin a gyara masa.