Sahara: Fim ɗin neman dukiyar da ya cinye dukiyar masu shi

A daidai lokacin da marubutan Hausa da dama ke miƙa labaransu ga masu shirya finafinai masu dogon zango, abin da ya faru tsakanin marubuci Clive Cussler da Hollywood ya cancanci a waiwaye shi.

A 1992 ne Cussler, ɗan Amurka, ya fitar da littafin Sahara. Labari ne na jarumi Dirk Pitt da wani jirgin ruwan yaƙi na zamanin yaƙin basasar Amurka, wanda ya ɓace da zinare a cikinsa, daga baya aka gano shi binne a hamadar Mali. Ta Kogin Neja jaruman suka kutsa ƙasar.

An fitar da fim ɗin a 2005, da Matthew McConaughey da Penelope Cruz. An kashe kusan dala miliyan 160 wajen shirya shi, ban da kuɗin talla, amma abin da ya tara a sinimomin duniya bai kai dala miliyan 120 ba.

Me ya ɓata wa masu karatu rai?

Daɗin labarin neman dukiya yana cikin bin sawu ne. Mai karatu yana haɗa alamomi da kansa, daga tsohuwar wasiƙa zuwa taswira, har gaskiya ta bayyana. Fim kuwa awa biyu yake da su, don haka sai a cike gurbin da gudu da harbe-harbe.

Babban sirrin littafin shi ne cewa jirgin yana ɗauke da shugaban Amurka Abraham Lincoln da aka sace. Fim ɗin ya cire wannan gaba ɗaya. Wanda ya karanta littafin ya ga an ba shi miya babu gishiri.

Yarjejeniya ba ta hana rigima ba

Cussler bai shiga da ka ba, domin tun 1980 fim ɗin littafinsa Raise the Titanic ya ƙona masa rai. A wannan karon ya karɓi dala miliyan 10, tare da sharaɗin sai ya amince da rubutun fim.

Duk da haka, marubuta kusan goma suka yi ta juya labarin. Cussler ya kai ƙara cewa an yi watsi da shi. Kamfanin Crusader ya mayar da martani cewa marubucin ya zuzuta yawan littattafan da ya sayar. A 2007 masu taimaka wa alƙali a Los Angeles suka ce ya biya kamfanin dala miliyan 5, aka ci gaba da jeka-ka-dawo a kotu na shekaru.

Ina darasin ga marubutan Hausa?

A 1994 Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim da hannunsa, ragamar labarin tana wurinsa. Ba kowane marubuci ne ke da wannan hali ba.

Wanda zai sayar da labari ya kamata ya rubuta a takarda abin da ba za a taɓa ba, musamman ƙarshen labari da halayen manyan taurari, da kuma wanda maganarsa ce ta ƙarshe idan an saɓa. Idan sharaɗi a rubuce da lauyoyi bai hana Cussler shiga kotu ba, mai dogaro da alƙawarin baka ko saƙon WhatsApp ya fi shi zama cikin haɗari.