Yamai da Damagaram: awa biyu a sama, wuni guda a ƙasa

Tsakanin Yamai da Damagaram, in aka miƙe ta sama, kimanin kilomita 750 ne. Jirgi mai farfela, irin wanda ke cin kilomita 500 a cikin awa guda, ba ya cika awa biyu yake sauka. Amma wanda ya bi godoro ta Doso, Dogondutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi da Tasawa, kusan kilomita 900 ke gabansa. Motar da ta bar tasha da asuba sai dare take isa, in taya ba ta fashe ba.

Ga wani lissafi mai ban takaici. Daga Yamai zuwa Jidda kusan kilomita 4.000 ne, kimanin awa shida a jirgi. Ke nan in maniyyaci da fasinjan Damagaram suka bar Yamai lokaci guda, maniyyacin zai taka ƙasar Saudiyya alhali ɗan uwansa yana wajajen Ƙonni, bai ci rabin hanya ba. Birnin da shi ne fadar mulkin ƙasar nan har shekarar 1926 ya fi Jidda nisa ga mai ƙidaya awoyi.

Wannan nisa ƴan ƙasa ke biyan kuɗinsa. Ɗan kasuwar da takardarsa ta maƙale a wani biro na Yamai yana rufe shago kwana uku ko huɗu saboda sa hannu guda. Ma'aikacin da aka kira taro yana ɓata kwana biyu bisa hanya don zaman wuni ɗaya. Majinyacin da likita ya ce a kai shi babban asibiti, wani lokaci a mota rai ke yin halinsa.

Ba yau aka fara gwada magani ba. An kafa Air Afrique a 1961, Nijar na cikin masu shi, ya durƙushe a 2002. Air Niger ma ya yi zamaninsa ya shuɗe. A 2019 an sabunta filin jirgin Diori Hamani saboda taron Tarayyar Afirka, abin a yaba. Sai dai gyaran zaure ba ya kusanto da ɗakunan cikin gida. Ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1.267.000 tana buƙatar jiragen da ke haɗa garuruwanta kamar yadda take buƙatar masu zuwa waje.

Abubuwa uku suka wajaba a kan masu mulki, ko su wane ne. Na farko, jirgin cikin gida ya zama yana da rana da lokaci sanannu, kada a soke tashinsa don wani babba ya ɗauke shi. Na biyu, a sassauta harajin man jirgi da kuɗin sauka a filayen jihohi, domin tikiti ya sauko inda matsakaicin ɗan kasuwa zai iya kaiwa. Na uku, wanda ya fi sauran araha, a ba jihohi ikon kammala takardun da ke tilasta wa mutane wannan doguwar tafiya.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. An raɗa wa babban godoron nan sunan hanyar haɗin kai, kuma ta yi aikinta. Amma muddin Badamagare na ɓata wuni guda kafin ya isa inda ake yanke hukunci a kan haƙƙinsa, to haɗin kan yana da sauran gyara.