In an ɗauke wuta fuskar laftof ta dushe: kada ki yi saurin kai ta gyara



Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, uwaye da dama a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa suka shiga adashe, wasu suka sayar da akuya, don yaro ya samu laftof ta hannu ya riƙa atisaye. Ƙorafin da ke yawan zuwa shi ne: tana kan caji lafiya lau, ana ɗauke wuta sai fuskar ta dushe, ko ta riƙa ƙyafta ido, ko ta yi baƙi ƙirin. Kafin ki biya kuɗin mota daga Riruwai ko Kwanar Dangora zuwa Beirut Road a Kano, a gwada waɗannan a gida.

Na farko, dushewar haske yawanci ba lalacewa ba ce. Tsofaffin Windows na ajiye ma'aunin haske biyu, ɗaya na lokacin caji, ɗaya na lokacin batir, don batirin ya daɗe. A zare caja, sannan a danna maɓallin Fn tare da wanda ke da hoton rana a layin sama. A tsofaffin Windows, dole sai tana kan batir za a ƙara, in ba haka ba na cajin kawai aka gyara. Haka kuma idan caji ya yi ƙasa, tsarin tattalin batir na ƙara rage hasken da kansa.

Na biyu, idan haske na hawa da sauka ko launi na kwaɗewa, a buɗe manhajar Intel Graphics Command Center, a nemi Display Power Savings a kashe. A kwamfuta mai AMD, sunansa Vari-Bright. Baƙin da ke zuwa na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya wuce kuwa, sauyin tsari ne kawai, ba abin tashin hankali ba.

Na uku, idan ta yi baƙi amma fanka na juyawa, a danna Windows da Ctrl da Shift da B lokaci guda. Wannan na farkar da manhajar da ke sarrafa hoto. In bai yi ba, ki kunna tocilan wayarki ki haska fuskar daga kusa. Kin ga rubutu dishi-dishi? To kwamfutar na aiki, fitilar bayan gilashin ce ba ta kama ba. Wannan na mai gyara ne, amma ki ce ya fara duba igiyar da ta bi ta mahaɗin murfin kafin ya yi miki zancen sabon sikirin.

Na huɗu, idan ana ɗauke wuta ta mutu ɗungurungum, babu ƙara babu fitila, sikirin ba shi da laifi. Batir ne ya gaji, kuma shi za a sauya.

Inda ba a wasa shi ne kumburin batir. In kin ga wurin shafa yatsa ya taso, ko gindin laftof ɗin ya daina zama daidai a tebur, a kashe ta, a zare caja, a nisanta ta da yara. Irin wannan batir na iya kamawa da wuta. Kuma ko lafiyarta ƙalau, a daina aza ta kan katifa ko filo, balle a zafin Afrilu, lokacin da yara suka fi dukufa karatu.

Ki zauna da ɗanki ko ’yarki yau da dare, ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta gwada ta faɗa mana a ƙasa samfurin kwamfutarta da matakin da ya yi mata aiki, don wata uwar ta amfana. Allah ya ba yaranmu sa'a, sai mako mai zuwa.