Jinjina Daban, Sata Daban: Darasi Daga Lambar 0451



Akwai wata kalma da ta zama mafakar duk wanda aka kama da kayan wani a zaurukanmu na rubutu. Da zarar an jera labarinsa kusa da na ainihi, an ga sunayen taurari kawai ya canja, sai ka ji ya ce, "Ai jinjina ce na yi wa marubuciyar." Magoya bayansa kuma su taso da cewa babu sabon abu a duniya, kowa ma aro yake yi. Wannan makon mun zo ne mu ƙwace kalmar nan daga hannunsu. Shaidunmu kuwa za mu ɗauko su ne daga wasannin bidiyo, waɗanda da yawanmu muke wa kallon shiriritar yara a shagon gem. Masu tsara waɗannan wasanni sun shafe shekaru suna gaida juna a cikin ayyukansu, kuma sun san iyakar gaisuwa.

Mu fara da wata lamba. A 1994 wani kamfani a Amurka mai suna Looking Glass ya fitar da wasan System Shock. Ƙofar farko da mai wasa zai buɗe tana da lambar sirri, 451. Kamfanin ya rufe a shekarar 2000, ma'aikatansa suka watsu. A wannan shekarar Warren Spector, wanda ya yi aiki a System Shock, ya jagoranci wasan Deus Ex, sai ga 0451 a farkonsa. A 2007 Ken Levine, shi ma tsohon ma'aikacin Looking Glass, ya fitar da BioShock, lambar ta sake bayyana a jikin wata ƙofa. A 2012 Dishonored ya zo, akwatin ajiya na farko da 451 yake buɗewa. Labaran wasannin nan ba ɗaya ba ne. Na farko a tashar sararin samaniya yake, BioShock a wani birni ƙarƙashin teku, Dishonored a garin da annoba ta ci. Abin da ya haɗa su lamba ce mai harafi uku ko huɗu, kamar yadda ɗalibi kan ambaci malaminsa kafin ya fara karatu, don a san gidan da ya fito.

Ga wani misalin daga Japan. A Super Mario Odyssey na 2017 akwai birni mai suna New Donk City, magajiyar garin kuma Pauline ce, wato matar nan da Mario ya ceto daga hannun goggon biri a Donkey Kong na 1981. A ƙarshen bikin garin sai wasan ya koma kamannin da, ga ƙarafan gini, ga ganguna suna gangarowa, kai kuma kana tsallake su. Wanda ya san tsohon wasan zai ji wani abu a ransa. Yaron da bai taɓa jin labarinsa ba zai yi tsallensa ya wuce cikin nishaɗi, babu abin da ya rasa. Wani zai ce ai Nintendo ce ta mallaki duka biyun. To ga na kamfanoni daban: a The Witcher 2 na 2011 akwai gawar wani mutum mai farar riga da hula, yashe kusa da karyayyen amalanken ciyawa. Tsokana ce ga Assassin's Creed na kamfanin Ubisoft, inda jarumi kan diro daga ƙololuwar hasumiya ya faɗa cikin ciyawa bai ko ƙwarzane ba. Gawa ɗaya ce a lungu ɗaya, cikin wasan da ke cin awanni masu yawa.

Daga waɗannan misalai muka fitar da ma'auni, kuma muna ƙalubalantar duk mai kiran aikinsa jinjina ya ɗora shi a kai. Na farko, mai jinjina so yake a gane. Ya ajiye 0451 ne yana fatan wani ya gani ya yi murmushi, kuma zai fi kowa farin ciki idan mai abin ne ya gani. Mai sata kuwa addu'arsa kada mai abin ya shigo zauren. Na biyu, a cire jinjinar a gani ko aikin zai tsaya. A goge 0451 daga BioShock, a sa wata lambar, wasan yana nan daram. Kai kuma idan aka cire abin da ka kwaso daga littafin wata, me ya rage? Idan sunayen Hajiya da Alhaji ne kawai, to hankaka ka zama, mai da ɗan wani naka. Na uku, jinjina ɗan gishiri ce a miya. Ba a jinjina da babi ashirin.

Sauran masu cewa kowa aro yake yi. Gaskiya ne, kuma masu wasannin ma sun je har kotu a kan wannan. Wani kamfani mai suna Xio ya yi wasan waya da ya kira Mino, bai ma musa cewa Tetris ya kwaikwaya ba. Hujjarsa ita ce dokokin wasa ba mallakin kowa ba ne. A 2012 wata kotun tarayya a jihar New Jersey ta yarda cewa dokokin wasa na kowa ne, amma ta ce Xio ya wuce nan, ya kwashi sura da tsarin Tetris har da ƙyar ake bambance su, don haka ya keta haƙƙin mallaka. Haka abin yake a wajenmu. Jigon kishiya, auren dole, maraya da matar uba, babu wanda ya yi musu shinge. Amma yadda wata ta jera fitowarta, kalaman da ta sa a bakin taurarinta, inda ta ɓoye sirri da inda ta fasa shi, wannan guminta ne.

Mun san za a jefo mana sunan Abubakar Imam, a ce ai shi ma ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa ya zuba a Magana Jari Ce. Ya ɗebo, amma ku koma ku karanta. Ya narkar da abin da ya aro, ya ƙera shi da Hausarsa, da barkwancinsa, da fadar sarki irin tamu. Wanda zai fake da Imam, to ya yi irin wahalar da Imam ya yi.

Ba muna hana ku gaida magabata ba ne, akasin haka ma. Ku sa jarumarku tana karanta littafin da ya sa kuka fara rubutu. Ku raɗa wa wani layi a ƙagaggen garinku sunan tauraron da kuka fi so. Ku ambaci wadda ta zaburar da ku a shafin godiya. Sannan ku zauna ku gina naku labarin tun daga tushe, ko da zai ɗauke ku shekara.

Mu kuma masu kula da zauruka da ƙungiyoyi, mu daina rufa-rufa don wanda aka kama ɗan gida ne. Marubuciyar da aka sace wa aiki ita ma da kuɗin datarta ta rubuta shi, da daren da ta hana idonta barci. Duk wanda ya ce mana jinjina ya yi, mu tambaye shi ko ya tura wa mai littafin ta gani.

Muna jiran ra'ayoyinku, har da na waɗanda ba su yarda da mu ba. Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka.