Matambayi ba ya ɓata, amma ya fara dubawa

Akwai ƴan wata sana'a da suke wuni a gaban kwamfuta suna rubuta umurnin da na'ura take bi, wato masu rubuta manhaja. Su ne suke ƙera abin da ke aika kuɗi ta salula, da abin da ke lissafa albashin ma'aikata a ƙarshen wata. Wanda ya hange su daga nesa sai ya zaci mutane ne masu ɗaure fuska, alhali kuwa da wuya a sami ƴan sana'ar da suka fi su ba'a a tsakaninsu. Ba'ar tasu ta yi kama da wasan da ke tsakanin Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tibiri: tana da zafi a baki, amma tana da ƙa'ida, kuma akwai abin da take koyarwa.

Halin ya daɗe tare da su. A shekarar 1947, a Jami'ar Harvard ta Amurka, masu kula da wata katafariyar na'ura mai suna Mark II suka tsinci wani ƙwaro irin masu bin fitila ya maƙale a cikinta. Da ma can injiniyoyi suna kiran matsalar inji da sunan ƙwaro, saboda haka sai suka manna gawarsa a littafin aiki, a matsayin shaidar cewa yau dai an kama na gaske. Ranar 1 ga Afrilun 1990 kuma, wani gwani mai suna David Waitzman ya fitar da takarda cikin salon manyan takardun dokokin intanet, yana bayanin yadda za a aika saƙon kwamfuta ta hanyar tantabaru. A 2001 wasu abokan sana'arsa a birnin Bergen na ƙasar Norwe suka ce sai sun gwada. Sun aika saƙo 9 a ƙafar tantabaru, amsa 4 ta dawo.

Amma ba'ar da ta fi ciwo ita ce wadda ake yi wa mai tambayar abin da ke rubuce a gabansa. Amsarsa sau da yawa haruffa huɗu ce, RTFM, ma'ana je ka karanta littafin bayani, da ɗan ashar a tsakiya. Wani kuma a ce masa ya je ya yi wa agwagwa bayani. Asalin wannan wani littafi ne na 1999, na Andrew Hunt da David Thomas, inda aka ba da labarin mai ajiye agwagwar roba a gabansa yana zayyana mata aikinsa layi bayan layi, har ya gano kuskurensa da kansa. Masu iya magana sun ce da wasa ake gaya wa wawa gaskiya. Gaskiyar a nan ita ce, wanda bai iya faɗin abin da yake nema dalla-dalla ba, ba mutum ba, ko na'ura ba za ta iya taimaka masa ba.

A nan ne zancen ya shafi ɗan kasuwa da ma'aikacin biro, domin dabarun da waɗannan mutane suke koya wa juna cikin raha ba nasu ba ne su kaɗai. Duk mai salula yana iya aiki da su a Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a 1998.

Ta farko, sanya kalmomi tsakanin alamun ɗauko magana. Mai rubuta manhaja, in na'ura ta fito masa da saƙon kuskure, yakan kwafe shi yadda yake ya sa a tsakanin alamun, don a nemo masa jimlar daidai. Haka mai fataucin albasa, in ya rubuta "violet de Galmi" a tsakaninsu, za a kawo masa shafukan da ke ɗauke da sunan a haɗe, ba tarkacen da ke da kalma ɗaya daga ciki ba.

Ta biyu, alamar ɗebewa, wadda ake manna wa kalmar da ba a so. Duk wanda ya taɓa neman labarin Nijar ya san yadda na Nijeriya yake rufe shi. In ya rubuta Niger -Nigeria, to an rage masa rabin wahala, sai dai ya tuna cewa shafin da ya ambaci ƙasashen biyu shi ma zai fita.

Ta uku, tsare bincike a gida guda. Wanda ya ƙara site:gouv.ne a bayan tambayarsa, ba za a duba masa ko'ina ba sai adireshin da ya ƙare da wannan suna, wato na hukumomin gwamnati. In ya haɗa da filetype:pdf, sai a fito masa da takardu irin waɗanda ake buga doka da sanarwa a cikinsu. Mai neman kuɗin duwan na wata haja, ko sanarwar jarrabawar ɗaukar aiki, gara ya bi ta nan da ya dogara da hoton takardar da aka turo masa ta WhatsApp, wadda ba a san mafarinta ba.

Ta huɗu, duba shekara. Tun 2019 ana iya rubuta after: ko before: tare da shekara, kamar after:2023, don a ware sabo daga tsoho. Mai rubuta manhaja ya san amsar da ta yi aiki shekara goma da suka wuce tana iya ɓata masa aiki yau. Ma'aikacin da ya kafa hujja da dokar da aka riga aka soke, kunyarsa ta fi haka, kuma ɗan kasuwar da ya yi lissafi da tsohon farashi, aljihunsa ne zai biya.

Sai kuma a yi hattara da abin da ya fara fitowa a sama, domin sau da yawa talla ce da aka biya kuɗi aka ɗora. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwambar 2022, an sami na'urorin da ke ba da amsa cikin daɗin baki, amma sukan ƙago abin da babu, su faɗe shi ba ko ɗar. Masu rubuta manhaja kan gwada amsar kafin su amince da ita. Wanda ba zai iya gwadawa ba, sai ya nemi takardar asali ya gani da idonsa.

Ba'ar nan ma tana da iyaka, kuma su kansu masu sana'ar suna gardama a kanta, domin akwai ƴan koyo da yawa da gatsali ya sa suka haɗiye tambayarsu. Wasan taubashi, bayan an yi dariya, akan ba baƙo ruwa. Gwanin da ya yi ba'a ya kuma nuna hanya ya yi aikin malami. Wanda ya tsaya ga ba'ar kawai, girman kai ne ya yi. Shi kuma mai tambaya, in ya zo yana cewa ga abin da ya nema, ga inda ya duba, ga inda ya maƙale, da wuya a yi masa dariya, ko a wajen masu kwamfuta ko a biron duwan. Allah ya sa a dace.