Rushe bango ba ya kawo haɗin kai

Masu ba kamfanoni shawara sun maimaita wata magana har kowa ya haddace ta: wai a rushe bangon ofisoshi, a tara ma'aikata a fili ɗaya, sai haɗin kai ya zo da kansa, sababbin dabaru su yi ta ɓullowa. Facebook ya kai abin maƙura a 2015, da ya buɗe ginin da Frank Gehry ya zana masa a Menlo Park, wanda aka tsara domin mutum kusan 2,800 su yi aiki a ɗaki guda. Ban yarda da maganar nan ba, kuma ƙananan ma'aikata ne ke ji a jikinsu.

A 2018 Ethan Bernstein da Stephen Turban na Harvard suka wallafa binciken da suka yi a manyan kamfanoni biyu. Sun rataya wa ma'aikata na'urar da ke lura da wa ya yi magana da wa, kafin a cire bango da bayan an cire. Magana ido da ido ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100, saƙon imel kuwa ya ƙaru. Ai dole. Wanda idon jama'a ke kansa ba zai miƙe ya tambayi abin da ya shige masa duhu ba, kunya za ta hana shi. Sai ya toshe kunne, ya duƙufa kan kwamfuta, ya tura wa na gefensa saƙo.

A duba Gini na 20 a jami'ar MIT. Da katako aka haɗa shi cikin gaggawa a 1943 don binciken rada lokacin yaƙi, da nufin a rushe shi in an gama, amma ya kai 1998. Mummuna ne, yana da ɗakuna da ƙofofi birjik, kuma a cikinsa Noam Chomsky ya yi shekaru yana nazarin harshe. Abin da ya sa ya yi albarka, masu aikin ne ke juya shi yadda suka ga dama. Mai buƙatar waya ya huda bango. Jerrold Zacharias ya fasa daɓen bene don agogon atam da yake ƙerawa ya samu wurin tsayawa.

Yawancin masu rushe bango kuɗin haya suke son ragewa, su cusa tebur goma a wurin shida. To su fito su faɗa, su daina laƙaba masa sunan manufar kamfani. Akawun da ke lissafin albashi shiru yake buƙata, kuma ba wanda ya tambaye shi kafin a kira magina. Shugaban da ya sa hannu a zanen kuwa, ofishinsa na nan da ƙofarsa da sakatariya a bakinta.